Zaɓen Ƙaramar Uwar-Garke Mai Rahusa Domin Adana Taskar Manazarci a Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da manazarcin Hausa zai bi wajen zaɓen na'urar uwar-garke mai tsayuwa, wadda kuɗinta bai fi ƙarfin aljihun malamin jami'a ba, domin adana sauti da hotuna da bidiyo da rubuce-rubucen da ya tattara. An fara da bayanin mece ce uwar-garke, sannan aka nuna yadda ake ƙiyasta girman ma'ajiyar da ake buƙata, aka zayyano sassan na'urar da suka cancanci kulawa, aka kuma kawo misalan na'urorin da ake samu a hannu na biyu. Daga nan aka auna tasirin wutar lantarki da zafi da ƙura, aka rufe da batun kwafin ko-ta-kwana da haƙƙin waɗanda aka naɗi muryoyinsu.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe a fagen nazarin Hausa ya san cewa kaso mai yawa na kayan aikin wannan fage ba ya cikin ɗakunan karatu, yana hannun ɗaiɗaikun mutane ne. Akwai kaset-kaset na waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, akwai hirarrakin da aka yi da dattawan da tuni suka kwanta dama, akwai hotunan takardun ajami da aka ɗauka a zaurukan malamai, ga kuma finafinan bidiyo na farko-farko, tun daga Turmin Danya na shekarar 1990. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato suna iyakar ƙoƙarinsu, amma abin da ke cikin jakunkunan malamai da ɗaliban manyan digirori bai kai gare su ba.

A yau yawancin waɗannan kayayyaki sun koma cikin kwamfutar tafi-da-gidanka da filash da katin waya. Waɗannan kuwa duk an ƙera su ne domin ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri, ba domin ajiyar shekaru ba. Ranar da kwamfutar ta faɗi, ko aka sace ta, ko faifanta ya ƙi tashi, to aikin shekara ashirin na iya salwanta cikin ƙiftawar ido, kuma babu yadda za a sake komawa wurin mamaci a ce ya maimaita abin da ya faɗa. Wannan shi ne dalilin da ya sa batun uwar-garke, wanda a zahiri ya yi kama da na masana kwamfuta, ya zama batun da ya shafi masu nazarin harshe da adabi da al'ada.

2.0 Ma'anar Uwar-Garke da Sigoginta

Uwar-garke, wadda masu sana'ar kwamfuta ke kira saba, kwamfuta ce da aka tanada domin ta yi wa sauran na'urori hidima. Ba a zama gabanta ana rubutu. Ajiye ta ake yi a kusurwar ɗaki, a haɗa ta da rauta ta hanyar waya, sai kwamfutoci da wayoyi da talabijin na gidan su riƙa ɗebo fayiloli daga cikinta ko su zuba mata.

Sigoginta na yau da kullum uku ne. Ta farko ita ce shimfiɗaɗɗiya wadda ake jerawa a kanta ta ƙarfe a manyan ma'aikatu. Tana da ƙarfi, kuma tsohuwarta na da arha, sai dai ƙananan fankokinta na da ƙara ƙwarai, tana kuma shan wuta. Ta biyu ita ce ƙaramin akwatin ajiya da ake sayarwa a shirye, irin na kamfanonin Synology da QNAP. Yana da sauƙin sarrafawa, amma yana da tsada idan aka kwatanta da ƙarfinsa, kuma gyaransa na da wuya idan wani sashe ya lalace. Ta uku ita ce mai tsayuwa, wadda ta yi kama da akwatin kwamfutar tebur. Ita ce wannan maƙala ta fi mayar da hankali a kai, saboda tana ɗaukar faifai uku ko huɗu, fankarta babba ce mai juyawa a hankali, kuma kusan duk mai gyaran kwamfuta zai iya buɗe ta ya gane abin da ke ciki.

3.0 Ƙiyasta Buƙata Kafin Shiga Kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara tambayar sunan na'ura kafin a san nauyin kayan da za ta ɗauka. Lissafin kuwa ba mai wahala ba ne.

Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta ma'ajiyoyin sauti da bidiyo, wato IASA, ta ba da shawarar a riƙa juyar da tsofaffin kaset-kaset zuwa fayil marar matsi, a ma'aunin da bai gaza kilohaz 48 da bit 24 ba, kuma ta fifita kilohaz 96. A wannan babban ma'auni, sautin awa ɗaya mai hanya biyu yana cin kimanin gigabait 2. Shafi ɗaya mai girman A4 da aka ɗauka da launi, a ɗigo 400 cikin kowane inci, aka ajiye shi a sigar TIFF marar matsi, yana kaiwa megabait 46. Bidiyon awa ɗaya daga kaset ɗin MiniDV kuwa yana cin kimanin gigabait 13.

A ɗauka, alal misali, manazarci na da sautin awa 300 da shafukan ajami 10,000 da bidiyon awa 100. Sautin zai ci kusan gigabait 620, shafukan su ci 460, bidiyon ya ci 1,300. Jimilla ta kama terabait 2.4. Idan aka ninka wannan sau biyu domin abin da zai ƙaru nan da shekara biyar, an tasam ma terabait 5. Sai kuma a tuna da abubuwa biyu: faifan da aka rubuta wa terabait 4 yakan bayyana a kwamfuta a matsayin 3.64 saboda bambancin tsarin ƙidaya, sannan ba a so ma'ajiya ta cika fiye da kashi 80 cikin ɗari. Saboda haka mai irin wannan taska zai fi samun natsuwa da sararin terabait 8.

4.0 Sassan da Suka Cancanci Kulawa

4.1 Gurbin Faifai

Abu na farko da za a duba shi ne yawan guraben faifai masu inci 3.5, tare da yawan mahaɗan SATA da ke kan allon na'urar. Gurbi huɗu ya wadatar da yawancin masu amfani a gida. Ana so manhajar tafiyar da na'urar ta zauna a kan wani ƙaramin faifan SSD na daban, domin kada ta cakuɗu da kayan ajiya.

4.2 Furosesa

Ajiyar fayil da miƙa shi ba sa buƙatar furosesa mai ƙarfi. Ko Celeron ko Pentium na iya yi. Inda ake buƙatar ƙarfi shi ne lokacin da uwar-garke za ta sauya sigar bidiyo nan take, domin wayar da ba ta iya karanta ainihin fayil ɗin ta samu damar nuna shi. Kamfanin Intel ya shigo da fasahar Quick Sync a shekarar 2011 domin wannan aiki, kuma tana cikin furosesoshin da ke ɗauke da sashen hoto a jikinsu. A jerin Xeon E3, wanda lambarsa ta ƙare da 5, kamar E3-1225, yana da wannan sashe, amma E3-1220 ba shi da shi. Wannan ɗan bambanci na lamba ɗaya shi ke raba na'urar da za ta nuna fim sumul da wadda za ta riƙa sarƙewa.

4.3 Ram Mai Gyara Kuskure

Babban abin da ya bambanta uwar-garke da kwamfutar ofis shi ne nau'in ram da ake kira ECC. Wannan ram yana gano kuskuren bit ɗaya ya gyara shi kafin a rubuta shi a faifai. Ga mai kallon fim, bit ɗaya ba komai ba ne. Ga wanda ke adana kwafi ɗaya tilo na wata tsohuwar ƙasida kuwa, gurɓatar da ba a lura da ita ba za ta iya bin duk kwafe-kwafen da za a yi daga baya. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ya fi. A lura cewa ƙananan na'urorin da ake magana a kansu suna karɓar nau'in UDIMM ne kawai. RDIMM na manyan na'urori, duk da arharsa, ba zai yi aiki a cikinsu ba.

4.4 Faifan Ajiya

A nan ne ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Ana iya sayen akwatin a hannu na biyu, amma faifai gara sabo. Faifai iri biyu ne ta fuskar yadda suke rubutu: CMR, mai jera layuka kusa da juna, da SMR, mai ɗora layi bisa gefen layi kamar yadda ake jera kwanon rufi. Na biyun yana yin nauyi ƙwarai idan aka daɗe ana rubutu a kansa, musamman lokacin sake gina ma'ajiya bayan mutuwar wani faifai. A shekarar 2020 an gano cewa wasu faya-fayan WD Red na SMR ne ba tare da an bayyana ba, abin da ya sa kamfanin ya ware masu CMR ya sa musu suna Red Plus. Saboda haka a nemi tabbacin cewa faifan CMR ne, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf.

5.0 Misalan Na'urorin da Ake Samu

Dell PowerEdge T20, wadda ta fito a 2013, tana zuwa da Pentium G3220 ko Xeon E3-1225 v3, tana ɗaukar faifai huɗu da ram har gigabait 32. Magajiyarta, T30, tana da Xeon E3-1225 v5 da ram na DDR4 har gigabait 64, kuma sashen hotonta na iya karanta bidiyon HEVC. T40 ta fi su sabunta, sai dai gurabenta uku ne. Abin lura game da T20 da T30 shi ne mahaɗin wutarsu na musamman ne, don haka idan tukunyar wutar ta ƙone, ba kowace ta kasuwa ce za ta shiga ba sai da wayar sauyi.

Lenovo ThinkServer TS140 sa'ar T20 ce a ƙarfi, kuma ta yi suna wajen rashin ƙara, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai ajiye ta a ɗakin karatunsa. Sai dai wasu daga cikinsu kan zo ba tare da cikakkun mariƙan faifai ba.

HP ProLiant MicroServer Gen8 ƙaramin akwati ne mai kusurwa huɗu, wanda ake zura faifai huɗu ta gabansa. Yana da tsarin iLO da ke ba da damar kunna shi da duba lafiyarsa daga wata kwamfutar, amma ram ɗinsa bai wuce gigabait 16 ba, kuma ba a dogara da shi wajen sauya sigar bidiyo. Ya fi dacewa da wanda ajiya zalla yake so.

Idan ajiya da kallo duka ake buƙata, T30 ko TS140 mai Xeon E3-1225 ta fi dacewa. Ko wacce aka zaɓa, kada a biya kuɗi sai an kunna ta an gani. A gwada ram da manhajar Memtest86+ na wasu awoyi, a buɗe akwatin a tabbatar mariƙan faifai da wayoyinsu sun cika. Idan an haɗa da tsohon faifai, a karanta bayanan SMART nasa, musamman lamba ta 5 da ta 197 masu nuna gurɓatattun sassa, da ta 9 mai nuna awoyin da ya yi yana aiki. A kuma duba rubutun bayan tukunyar wuta: na'urar da aka shigo da ita daga Amurka, inda ake amfani da bolt 120, dole ta kasance mai karɓar bolt 230 da ake amfani da shi a Nijeriya.

6.0 Wuta da Zafi da Ƙura

Yawancin shawarwarin da ake karantawa kan wannan batu an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta yankewa, yanayinsu kuma mai sanyi ne. Mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana da ƙarin abubuwan dubawa.

Na farko shi ne kuɗin wuta. Na'urar da ke cin wat 40 dare da rana tana shan kimanin kilowat-awa 350 a shekara. Tsohuwar babbar na'ura mai furosesa biyu, wadda ke cin wat 100, tana shan 876. A farashin naira 225 kan kowace kilowat-awa, wanda aka sanya wa masu rukunin A a Nijeriya cikin watan Afrilun 2024, ta farkon za ta ci kusan naira 79,000 a shekara, ta biyun kuwa ta haura 197,000. Ashe ke nan arhar babbar na'ura a ranar saye ba arha ba ce. Araha, in ji Bahaushe, ba ta ado.

Na biyu shi ne ɗaukewar wuta. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata fayil, kuma yawan kashewa da kunnawa na gajiyar da faifai. Wajibi ne a haɗa uwar-garke da UPS mai mahaɗin USB, ta yadda idan batir ya kusa ƙarewa zai sanar da ita ta kashe kanta cikin tsari. An fi son UPS ko inbata mai fitar da tatacciyar wuta irin ta layi, domin tukwanen wutar waɗannan na'urori ba su cika jituwa da gurguwar wuta ba. Ga mai sola, lissafin a fili yake: wat 40 na awa 10 ya kama wat-awa 400, batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 kuwa yana ɗauke da 1,200, wanda ake so a yi amfani da rabinsa kawai idan na darma ne. Batir ɗaya ke nan zai iya kai ta safiya. Haka kuma ba dole ne na'urar ta kwana a kunne ba. Ana iya tsara mata lokacin aiki. Da damina kuma a yi hattara da tsawa, domin takan shigo ta wayar wuta ko ta wayar rauta.

Na uku shi ne zafi da ƙura. A watannin Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 40 a yawancin ƙasar Hausa, faifai kuma ya fi son ya zauna ƙasa da digiri 45. Saboda haka a ajiye na'urar a ɗakin da iska ke ratsawa, kada a kulle ta cikin kabad, a kuma ɗaga ta daga ƙasa. Lokacin hunturu ƙura kan toshe fanka da matattarar zafi, don haka a riƙa buɗewa ana hurawa a kai a kai, bayan an kashe ta an zare waya.

7.0 Manhajoji da Tsarin Faifai

Akwai manhajoji na kyauta da ke mayar da wannan akwati ma'ajiya. TrueNAS, wadda a da ake kira FreeNAS, tana amfani da tsarin ZFS da kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro. Fa'idarsa ita ce yana buga wa kowane gungun bayani hatimin lissafi, ya kuma riƙa bin ma'ajiya lokaci-lokaci yana gwada abin da ke ciki da hatiminsa. Idan ya tarar da gurɓata, sai ya gyara daga ɗaya kwafin. OpenMediaVault, wadda aka gina bisa Debian, ta fi sauƙi ga na'ura mai ƙaramin ram. Domin saurare da kallo kuwa akwai Jellyfin, wadda ta samo asali daga Emby a 2018, tana tsara sauti da bidiyo ta miƙa su ga waya ko talabijin ba tare da buƙatar intanet ba.

Game da tsarin faifai, mafi sauƙi shi ne na madubi: faifai biyu masu terabait 8, kowanne na ɗauke da abin da ɗan'uwansa ke ɗauke da shi. Wani tsarin shi ne RAIDZ2, inda faifai huɗu masu terabait 4 ke ba da sararin 8, kuma ko biyu sun mutu ba a rasa komai ba. Na farkon ya fi ƙarancin shan wuta, ya kuma bar gurabe biyu domin gaba.

Akwai wata matsala da ta keɓanci masu rubutun Hausa, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsare-tsaren zamani masu amfani da UTF-8 suna karɓar su a sunan fayil, amma sukan rikiɗe idan fayil ya bi ta tsohuwar manhajar matse fayiloli ko wasu na'urorin kunna sauti. Abin da ya fi aminci shi ne a ba fayil gajeren suna mai lamba da kwanan wata, sannan a rubuta cikakken bayaninsa da ingantacciyar ƙa'idar rubutu a wani jadawali na daban: sunan mai magana, garinsa, karin harshensa, ranar ɗauka da wanda ya ɗauka. Sautin da ba a san mai shi ba ya rasa rabin darajarsa ga bincike.

8.0 Kwafin Ko-ta-kwana da Amanar Masu Murya

Tsarin madubi yana kare mutum daga mutuwar faifai ne kawai. Ba ya hana gobara ko sata ko ambaliya, kuma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa ne a faifan biyu lokaci guda. Shi ya sa ake bin ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. A aikace, wannan na nufin uwar-garke a gida, da faifan waje da ake sabuntawa duk wata a ajiye shi a ofis ko gidan ɗan'uwa, a cire, ba a jone ba. Harin masu garkuwa da bayanai da aka kai wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a watan Oktoban 2023, wanda ya durƙusar da ayyukansa na intanet tsawon watanni, ya nuna cewa duk abin da ke jone yana cikin haɗari. Ƙona dubban littattafai a Cibiyar Ahmed Baba da ke Tumbutu a Janairun 2013 kuma ya nuna hikimar rarraba ajiya, domin waɗanda aka kwashe zuwa wasu wurare sun tsira. A kuma riƙa gwada maido da fayil daga kwafin, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai.

Daga ƙarshe, taskar manazarci amana ce. Hirar da aka yi da matan aure a cikin gida, ko da 'yan bori, ko da masu magani, ba abin bazawa ba ne. Ya kamata a ware irin waɗannan a babban fayil mai kalmar sirri, kada kuma a buɗe uwar-garke ga intanet kai tsaye. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 sun shafi wannan aiki, kuma mallakar kaset ba ta mayar da waƙar da ke cikinsa ta mai kaset.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa zaɓen uwar-garke yana farawa ne daga lissafin abin da za a adana, sannan a nemi na'ura mai gurbi huɗu da ram na ECC da ƙarancin shan wuta, a sa mata sababbin faya-fayan CMR, a kare ta da UPS, a kuma ajiye kwafi a wani wuri. Idan kuɗi bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, a fara da faifan waje guda biyu, uwar-garke ta biyo baya. Zai kuma kyautu sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'inmu su tanadi ma'ajiya ta bai-ɗaya da za ta karɓi kwafi na uku daga malamai da ɗalibai, tare da rubutacciyar yarjejeniya kan wanda ke da izinin saurare, domin abin da aka tattara ya isa ga manazartan da ke tafe.